Yadda Ya Kaka Ta Yaye Ɗan Rut

Ni dai sana'ata tattasai ce. Tun da aure ya kawo ni Diffa daga Damagaram, har mai gidana ya rasu ya bar ni da gida da ƴan ɗakunan haya, abin da nake yi ke nan: in sayi busasshen tattasai a hannun matan bakin gulbi, in tara, in sayar wa masu manyan motoci. A nan na san Ya Kaka. Sunanta ne Kaka, ba tsohuwa ba ce, a lokacin ko arba'in ba ta kai ba, "Ya" ɗin kuwa girmamawa ce irin ta Barebari. Doguwa ce, baƙa, da tsage a kumatu, tafin hannunta jawur kamar na mai lalle saboda tsinkar tattasai. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu, in ka yi mata dariya ta bi ka da ido har ka ji kunya. Ba ta da surutu, ba ta da fara'a, amma ban taɓa samun yashi a gindin buhunta ba.

Ƙauyensu yana gaba da Geskeru, a bakin Komadugu. Mijinta Kyari yana da gona da injin ban ruwa. In lokacin tsinka ya yi, mata kan tsallako cikin kwalekwale daga hayin Najeriya su yi ƙwadago. A cikinsu akwai wata Rut, Kirista ce daga kudancin Barno, mijinta mai gyaran inji ne a wani gari can hayi. Shekara da shekaru layi ɗaya suke tsinka da Ya Kaka. In azahar ta yi, Ya Kaka ta yi salla a inuwa, Rut ta tsare musu ƙwaryar abinci kada awaki su yi ɓarna. In sun zauna ci, Rut ta rufe ido ta yi tata addu'ar, Ya Kaka ta dakata da hannunta har ta gama.

Sai mutanen daji masu bindiga suka ɓullo. Ba zan tsaya ba ku wannan labarin ba, kowa a ƙasar nan yana da nasa. Kyari ya fita wata safiya duba inji, bai dawo ba. Ƙauyen ya tashi kakaf ya koma bakin gudiro, wato babban titin kwalta, aka kafa bukkokin zana da tamfol. A nan gudawa ta kama autan Ya Kaka, Kalli, yana tsakiyar shan nono, ta tafi da shi. Ba a daɗe da rufe shi ba sai ga Rut ta iso da tsohon ciki, ita kaɗai, ƙafafu a kumbure, an kashe mijinta. Tana tambayar bukka bukka har ta samu ta ƙawarta.

A bukkar ta haihu, ɗa namiji, sai jini ya ƙi tsayawa. Kafin a samu motar da za ta kai ta likita ƙarfinta ya ƙare. Ya Kaka ta gaya mini abin da Rut ta faɗa ba ya da yawa. Ta riƙe mata hannu ta ce, "Kaka, ki shayar mini da shi. In ya yi ƙwari ki kai shi wurin mutanenmu, masu addu'a irin tamu." Nonon Ya Kaka bai gama ƙafewa ba, ta kara wa jaririn, ya kama. Ba rago, ba wanzami, ta dai dinga kiran sa Baƙo.

Matan sansanin sun yi ta yi mata magana. Wa ya ji? Wa ya gani? Allah ya karɓi naki ya mayar miki da wani, ki riƙe abinki. Ita ma ta riƙe, har ya fara zama, har haƙora suka tsiro. Sai wata ranar kasuwa ta zo mini da buhu a ka da yaro a baya, bayan mun gama awo ta ƙi tafiya.

Ta ce, "Hajiya, kai ka san gidan addu'ar Kirista?"

Na ce, "Me za ki yi a coci, Ya Kaka? Sayar musu da tattasai?"

Ta kwance mini labarin duka. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce haba, yaron da ya sha nononki, ya san warin jikinki, za ki ɗauka da hannunki ki kai? Ta ce, "Gobe kiyama Rut zai tambaye ni. Me zan ce masa?" Na ɗauki mayafina na raka ta.

Abin bai zo da sauƙi ba, don yaron ɗan wata ƙasa ne ko da a tamu aka haife shi. Fasto ya aika hayi aka yi ta cigiya, aka samu uban Rut a wani sansani, tsoho ne makaho, ba ya iya riƙe kansa balle jariri. Ya ce in akwai masu tsoron Allah su ɗauka, ya yarda. Aka yi ta kai da kawowa tsakanin alƙalin nan da hukumar can, wata ya bi wata. Duk wannan lokacin Baƙo yana bayan Ya Kaka, yana ƙara sanin ta. Da aka gama, sai abin ya faɗo a gidana, don ƴan hayata ne suka nemi yaron.

Mushe Amos, wato Malam Amos a bakin ƴan Faransanci, likitan dabbobi ne, mutumin Dogon Dutsi, aiki ya kawo shi. Mutum ne mai sanyi, in yana magana sai ka matso. Matarsa Priscille malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ni sunan ya fi ƙarfin bakina, Madam nake ce mata. Sun daɗe da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Na lura in ana suna a unguwa takan aiko da sabulu da turmin zane, amma ba ta zuwa, kuma ban taɓa ganin ta ɗauki jaririn kowa ba. Mata ba su da kirki a wannan wuri, ni na sani, da kunnena na sha jin abin da ake faɗa in ta wuce.

Kai, ka ga shiri! Gadon jariri mai ƙarfe, sange sabo na kare sauro, bibiro na shayar da jariri madara har da na canji, gwangwanayen madara, ƴan riguna an goge an jera. Madam ta ɗauki hutu a lakwal. Aka shirya Ya Kaka za ta zo da yaron ta yi ƴan kwanaki a gidan har ya saba, sannan ta koma, don ta bar ɗiyanta mata biyu a hannun surukarta, ga tsinka ta kama.

Ranar da suka iso, Madam ta fito da sabon zane. Ya Kaka ta kwance goyo ta miƙa mata. Yaron ya kalli gilashin idonta, ya kalli Mushe Amos, ya buɗe baki ya tsala wata ƙara da sai da kajina suka watse. Ya banƙare, ya shiɗe, sai da Ya Kaka ta karɓe shi ta hura masa fuska. Ta zauna a tabarma ta ba shi nono, nan take ya yi tsit, yana ajiyar zuciya, yana wasa da wuyan rigarta. Madam tana tsaye da hannuwa a buɗe, ta rasa inda za ta kai su.

Haka kwanakin farko suka tafi. Gadon ƙarfen nan ko sau ɗaya bai kwanta a ciki ba. Bibiro kuwa in aka kai masa baki sai ya kaɗe shi ya faɗi cikin ƙasa, Madam ta ɗauka ta sake tafasawa. Ta dama kunun gero da madara da sukari, ya tofar mata a gaban riga. Sun sa masa suna Élie, suna ta kira, yaro bai san da shi ake ba. Wanka ma ya gagara, sai Ya Kaka ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai ta yi masa, Madam tana riƙe da buta tana zuba ruwa.

Mushe Amos ne ya kawo wata dabara. Ya ce makiyaya in maraƙi ya rasa uwa, da wari ake fara haɗa shi da wata saniyar, don haka Madam ta ɗaura zanen Ya Kaka wanda ba a wanke ba.

Na ce, "Mushe, matar taka ce saniya ko ɗan naka ne maraƙi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, a gwada dai."

To ikon Allah, abin ya ɗan yi aiki. Aka bari barci ya fara ɗaukar sa, aka ɗora shi a bayan Madam, aka ɗaure da zanen nan mai warin hayaƙi da tattasai. Ni na gyara mata majanyi, don ba ta san ƙarfin da ake ja ba, tsoro take kada ta matse shi. Ta tsaya a tsakar gida ƙiƙam, ko numfashin kirki ba ta yi. Ta ce mini a hankali, "Inna, ina jin bugun zuciyarsa a bayana." Hawaye na zuba, ba ta share ba don kada ta motsa. Da ya farka ya leƙo ya ga ba fuskar da ya sani ba ce, aka koma gidan jiya.

Barci dai an samu, amma ci ya gagara, ci kuwa shi ne magana. Da suka kai shi awo, sajifam, ungozomar asibiti, ta ce yaron ya rame, nonon Ya Kaka ya yi ƙaranci, ita kanta ba ta ƙoshi balle ta ƙosar da wani. Dole ya ci kunu ya sha madara, in ba haka ba ƙaramin zazzaɓi ma zai iya kayar da shi. Ta ce kuma muddin yana samun nonon ba zai karɓi komai ba.

Muka ce to Ya Kaka ta ɓuya. Da safe ta zagayo sashena ta zauna a bayan katanga. Allah sarki, ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Tun hantsi yake yi har rana ta take, ko ruwa ya ƙi, muryarsa ta dishe ta koma kamar ta ɗan akuya. Ya Kaka tana zaune ta dafe kai, duk ƙarar da ya yi sai na ga jikinta ya zabura. Da kukan ya fara yankewa, ba don ya haƙura ba sai don ƙarfi ya ƙare, ta miƙe ta koma wurinsa.

Da yammar nan Madam ta same ni ina tankaɗe. Ta zauna a kan turmi, ta cire gilashi ta riƙe a hannu.

Ta ce, "Inna, sata na yi. Yaron nan yana da uwa, ni na zo na tsaya a tsakaninsu. Zan ce wa Amos mu mayar mata."

Na ce, "Ki mayar mata ina? Bukkar tamfol ɗin da ta ci Kalli? Ita ta kawo shi da ƙafarta, ba ke kika je kika ƙwato ba."

Ta ce to Ya Kaka ta zauna da su gaba ɗaya, ta ɗauko ɗiyanta, za su riƙe su duka. Muka kira ta aka gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta girgiza kai. Ta ce, "Madam, in ina nan, kai ba za ka zama uwarsa ba har abada. Zai girma yana kallon ka kamar baƙuwa a gidanka. Rut bai ce in raba shi biyu ba." Ta juyo wurina ta ce, "Hajiya, gobe ka ara mini ƙaramin turmi."

Nan take na gane. A ƙasar nan in za a yaye yaro mai taurin kai, uwa kan daka ganyen bedi, wanda mutanen hayi ke kira darbejiya, ta shafa a nono, ya ɗanɗana ɗacin ya guje shi. Amma wannan sai yaro ya kusa shekara biyu, yana tafiya, yana cin tuwo, kuma a ɗauke shi a kai gidan dangi ya manta, in ya dawo uwarsa tana nan tana jiran sa. Wannan kuwa rarrafe yake, kuma ba dawowa.

Na ce, "Ya Kaka, ba a yi wa ɗan wannan shekarun haka. Zai tsane ki."

Ta ce, "Shi nake so."

Da safe ita da kanta ta tsinko ganyen daga bishiyar ƙofar gida, ta daka, ta matse ruwan kore shar a ƙoƙo. Ta lakata ta ɗanɗana, fuskarta ko motsi ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta shafa, ta fito ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Ta zaunar da Madam a ɗaya gefen da kofin kunu mai ɗumi, ta ce a ƙara sukari. Ta ce mata, "Kada ka kira shi. Kada ka ɗauke shi. Ko ya yi yaya, ka bari ya zo da kansa."

Baƙo ya rarrafo da murnarsa ya hau cinyarta. Ya kama, ya saki, ya yamutsa fuska yana tofarwa. Ya koma ɗayan, ya saki. Sai ya ɗaga kai ya kalli fuskarta. Wannan kallon har yau yana hana ni sukuni, kallon wanda ke jiran a gyara masa abin da ya lalace, don ita ce mai gyara masa komai tun ranar da ya zo duniya. Ita kuwa ta ɗaure fuska, ta kafa ido a katanga. Ya fashe da kuka, yana bugun ƙirjinta da ɗan hannunsa, yana cusa kai a hammatarta. Hannuwanta suna ajiye a kan gwiwa, ba ta ɗaga su ba.

Mushe Amos ya kasa tsayawa, ya fita ƙofar gida. Madam ta yunƙura za ta ɗauke shi, na danne mata kafaɗa. Ni kaina zagin Ya Kaka nake a zuci, ina cewa wace irin zuciya ce wannan, alhali na san babu mai shan wuya a gidan kamar ta. Yaro ya yi kuka ya gaji ya yi barci a gefen ƙafarta. Ya farka ya sake gwadawa, ta riga ta ƙara shafawa. Haka aka yini, Madam tana ɗumama kunu yana hucewa tana sake ɗumamawa.

Wajen la'asar ya sauka daga cinyar da kansa. Ya zauna a tsakiyar tabarma, ido a kumbure, yana shessheƙa. Ya kalli Ya Kaka, ba ta kalle shi ba. Madam ta ɗebo kunu a cokali ta riƙe kurum, ba ta kira shi ba. Ya daɗe yana kallon cokalin, sannan ya rarrafa ya dafa gwiwarta ya buɗe baki. Yana sha yana ajiyar zuciya, hawayen Madam suna ɗiga a kansa. Ya shanye kofin tas. Ya Kaka ta tashi ta ɗauki buta ta zagaya bayan gida, ta daɗe ba ta fito ba.

Ta ƙara ƴan kwanaki don ta tabbata. Ta ɗaure ƙirjinta tamau da tsumma, nonon ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya rufe ta, ina dafa mata ruwan zafi tana gasawa. In ya rarrafo wajenta sai ta tashi ta bar wurin. Ta koya wa Madam abin da ya rage: yadda ake shafa masa baya in ciki ya murɗa, da cewa ba ya son a rufe masa ƙafafu in yana barci. Sannu a hankali ya daina neman ta. Ya fara karɓar bibiro, ya fara jan gemun Mushe Amos, wata safiya har na ji dariyarsa ta katanga. Kumatunsa suka fara cikowa.

Ranar tafiyarta Ya Kaka ta ɗaure ƴan kayanta a ɗankwali. Madam ta fito rakiya da yaron a kafaɗa, Mushe Amos yana ta godiya. A bakin ƙofa Ya Kaka ta ajiye ƙullin, ta goge hannuwanta a zane, ta miƙa su. Sau ɗaya kawai take so ta ɗauke shi. Yaron ya dube ta, ya dubi ƙirjinta, sai ya ƙwalla ƙara ya juya ya cusa fuska a wuyan Madam, ya ƙanƙame ta da hannu biyu.

Madam ta rikice tana ƙoƙarin ɓanɓare shi. "Élie, je ka mana, mamanka ce, je ka!"

Ya Kaka ta sauke hannuwanta. Ta ce, "A'a, Madam, bar shi. Ya yi daidai." Ta sunkuya ta ɗauki ƙullinta.

Ni na raka ta tasha.  Ta samu wuri a bayan motar Geskeru, tsakanin buhuna da jarkoki. Sai a nan na ga gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, nonon ya ratsa tsumman yana zuba, ta ja mayafi ta rufe. Da direba ya tayar da mota ta leƙo ta kama hannuna.

Ta ce, "Hajiya, in ya girma ya tambaya, kada ka ce masa na sa masa ɗaci. Ka ce nonon ne ya ƙare."